Yadda Za Ki Koya wa Ɗanki Yin Tambaya a Gida

A wurin rigakafi nan Jos, iyaye mata kan ce mana: "Yana jin magana, yana ba da amsa, amma shi ba ya tambayar komai." Yawancin yara kan fara da "mene ne wannan?" da "ina Baba?" tsakanin shekara 2 zuwa 3. "Me ya sa?" kan biyo baya wajen shekara 3 zuwa 4, "yaushe?" kuma sai can gaba. Kada a haɗa masa su lokaci guda.

Yaro yakan yi tambaya ne idan ya rasa wani abu, ko wani abu ya shige masa duhu. Mu kuwa kafin ya buɗe baki mun riga mun miƙa masa. To, Maman yara, ki ɗan rage wannan hanzarin. Zuba masa kunu, ki riƙe cokalin a bayanki, ki dube shi, ki ƙirga goma a zuci. Idan ya nuna kofin da yatsa kawai, ki ware hannuwa ki ce, "Ina cokali?" Ko "ina" kaɗai ya iya maimaitawa, ki ba shi nan take. In ya soma kuka, a ba shi, a bari sai gobe.

Kin dawo daga kasuwar Farin Gada? Kada ki juye ledar. Girgiza ta, ki sa yayarsa ta fara cewa "mene ne a ciki?", ki ciro karas ɗaya. Sai ki miƙa masa ledar ki yi shiru. Wasan ƙwanƙwasa ƙofa kuma yana koyar da "wane ne?"

Ranar da tambayoyin suka fara zuwa, don Allah a daina "ka cika surutu". Jin Hausa da Turanci ko Birom a gida ɗaya ba ya jinkirta magana. Waya ce abin ragewa: Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2019, ta ce kallo kada ya wuce awa 1 a rana ga ɗan shekara 2 zuwa 4.

Idan ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, ko ba ya waiwayowa in an kira shi, ko ya taɓa yin sanƙarau, ƙyanda ko kunne mai zubar da ruwa, a fara da gwajin ji. Ki nemi takarda daga asibitin unguwarku zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo.