Wai mene ne Flatpak, Snap da AppImage, kuma me ya sa ake ta cacar baki a kansu?

Duk wanda ya ɗan jima yana amfani da Linux ya saba da kayan girka manhaja irin su apt a Debian da Ubuntu, ko dnf a Fedora, ko pacman a Arch. Tsarin da aka gada ke nan, masu kula da distro (wato nau'in Linux, kamar Ubuntu ko Fedora) su ne za su ɗauko manhaja su haɗa ta su gwada su ajiye a rumbunsu, kai naka kawai saukewa. Matsalar ita ce fayil ɗin .deb na Debian da Ubuntu ba zai hau Fedora ba, .rpm na Fedora ma ba zai hau Ubuntu ba, sannan in kana Debian sai ka tarar manhajarka ta tsufa da shekara biyu.

To nan ne waɗannan ukun suka shigo, ƙunshi ɗaya ya yi aiki a ko'ina. Manhajar na zuwa ne da kayan da take buƙata, kamar baƙon da ya sauka da tabarmarsa da butarsa har da tukunya. AppImage ma ba a girka shi, fayil ɗaya ne ka ba shi izini ka danna. Flatpak da Snap kuwa killace manhajar suke yi, ba ta taɓa abin da ba a ba ta dama ba, in dai an saita izinin da kyau.

Masu suka fa suna da hujja. Ka zo sauke 'yar ƙaramar manhaja ta Flatpak sai ta janyo maka ɗaruruwan MB na kayan GNOME ko KDE (tsare-tsaren fuskar kwamfuta a Linux), wanda ke sayen data da kuɗinsa ya san zafin wannan. Gaskiya ne saukewar farko ce ta fi ciwo, sauran manhajoji za su yi tarayya a kai, amma dai. Kuma in aka gano ɓaraka a wani fayil da manhajoji suka dogara da shi, apt gyara ɗaya zai yi kowa ya huta, a waɗannan ukun kuwa wanda ya cusa nasa kwafin sai an jira shi.

Snap shi rigimarsa daban ce, shagon na Canonical ne, kamfanin da ke yin Ubuntu, kuma code ɗin sabarsa a rufe yake. Shi ya sa Linux Mint suka toshe shi a 2020, bayan Ubuntu sun mayar da burauzar Chromium ta yadda in ka kira shi da apt, Snap ne zai shigo ta bayan gida. Wannan kam ni ma ban ga dalilinsa ba. A tawa kwamfutar direbobi da kayan sistem na bar wa apt, manhajoji irin su OBS da GIMP kuma Flathub nake zuwa, wato shagon Flatpak.