Hanyar Magangarun Ruwa Goma a Silver Falls: Tambayoyi Kafin Ka Ɗaura Takalmi

A jihar Oregon ta Amurka akwai wani gandun daji mai suna Silver Falls, kimanin mil 20 gabas da Salem, babban birnin jihar. Abin da ke kai yawancin mutane can shi ne wata hanyar ƙafa da ta kewaye kwazazzabo ta dawo inda ta faro, ana kiranta Trail of Ten Falls saboda magangarun ruwa goma da ke kanta. A rubuce an ce wahalarta matsakaiciya ce, kuma wannan kalmar ce ke ruɗar baƙo.

Wane ne ke da gandun, gwamnatin tarayya ko ta jiha?

Na jiha ne. A Amurka akwai gandayen da gwamnatin tarayya ke riƙe da su, kamar Yellowstone, akwai kuma waɗanda kowace jiha ke kula da su da ma'aikatanta. Silver Falls shi ne mafi girma a na Oregon, ya haura eka 9,000, an kuma buɗe shi a 1933. Wani mai ɗaukar hoto na garin Silverton, June Drake, ya yi shekaru yana fafutukar a kare wurin. An so tarayya ta karɓa, ta ƙi, don masu saran katako sun bar wurin cike da kututture. Ke nan kurmin da ake sha'awa yau, da yawansa sabon tsiro ne bayan barna. An saka wa Drake da sanya sunansa a ɗaya daga magangarun, kuma abin dariya, mafi gajarta aka ba shi, ƙafa 27.

Me ake nufi da "matsakaiciyar wahala"?

Ana nufin ba sai ka iya hawan dutse da igiya ba, amma ba yawon shan iska ba ne. Tsawon kewayen mil 7.2 ne, kusan kilomita 11 da rabi, hawa da gangarar da ke cikinsa kuma kimanin ƙafa 800 ne. Mai lafiya zai yi awa uku zuwa biyar, ya danganta da yawan tsayuwarsa ɗaukar hoto.

Ga inda gizo ke saƙar. Idan dutse za ka hau, wahalar na farko take, kana da sauran ƙarfinka, dawowa kuma gangara ce. A nan an juya lamarin. Da gangara ake farawa, jiki na jin daɗi, ido na kallon ruwa, mutum ya yi ta sauri. Sai bayan ƙafa ta gaji, ruwan gora ya yi ƙasa, sannan hawan fita yake zuwa. Wanda ya saba tafiyar kilomita 11 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa zai raina ta, har sai gwiwarsa ta gamu da matakalar da ke kusa da magangarar Lower South Falls, doguwa ce kuma a jiƙe take.

Idan na gaji a tsakiya fa?

Daɗin hanya mai kewaye shi ne ba ka maimaita abin da ka gani. Aibinta kuwa, idan ka kai rabi, gaba da baya duk ɗaya ne. Shi ya sa ake duba taswira tun a bakin hanya. Akwai mafita biyu. Ta farko bayan Lower South Falls ce, a bi hanyar Maple Ridge a koma, kewayen bai kai mil uku ba. Ta biyu ita ce a haura ta wajen magangarar Winter Falls, kewayen ya zama kimanin mil biyar. Ni dai mai yara ko tsoho a tare da shi, na biyar ɗin ma ya ishe shi, ba abin kunya a ciki.

Da gaske ana bi ta bayan ruwan?

Da gaske. Huɗu daga cikin goman hanya ta ratsa ta bayansu: South Falls, Lower South Falls, Middle North Falls da North Falls. South Falls, wadda aka fi ɗauka a hoto, tsayinta ƙafa 177 ne, wajen mita 54.

Dalilin a cikin dutsen yake. Kimanin shekaru miliyan 15 da suka wuce, narkakken dutse ya malale wannan yanki sau da yawa, ya daskare ya zama baƙin dutse mai tauri. Tsakanin malala da malala sai ƙasa mai laushi ta taru, har bishiyoyi suka tsiro a kanta. Ruwa ya kasa cin taurin saman, sai ya riƙa zaizaye laushin da ke ƙarƙashi, har ya ƙwaƙule kogo. A North Falls, mai ƙafa 136, kogon ya yi faɗi sosai. Idan ka ɗaga kai za ka ga ramuka a rufinsa, gurbin bishiyoyin da narkakken dutsen ya lulluɓe ne, itacen ya tafi ya bar siffarsa.

Wane lokaci ya fi?

Ruwan saman wannan yanki da hunturu yake zuba, don haka daga Maris zuwa Mayu magangarun a cike suke, gansakuka ta rufe duwatsu da jikin bishiyoyi. A Yuli da Agusta hanya a bushe take, sai dai cunkoso, Winter Falls kuma takan koma ɗigo. A Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi, cikin kwazazzabo ma duhu ya fi saurin shiga, ga ƙanƙara a kan matakala. Mai sallah ya lura da wannan: azahar, la'asar da magariba suna matsowa kusa da juna, gara a fito da hantsi.

Me zan riƙe?

Takalmi mai kama ƙasa shi ne kan gaba, don santsi ya fi namun daji kai mutane ƙasa. Sai rigar ruwa ko da gari ya waye garau, saboda feshin bayan magangara yana jiƙa mutum. Ruwan sha daga gida, kada a sha na rafi. Ɗan abin taɓawa, da taswirar takarda, tunda waya ba ta cika samun layi a ƙasan ba. Banɗaki a wuraren ajiye mota yake, babu shi a cikin kwazazzabon. Ana biyan kuɗin ajiye mota, kuma ba a shiga ɓangaren kwazazzabon da kare.

Namun daji fa?

Akwai baƙin beyar da wani dangin damisa a dajin, amma ba kasafai ake ganinsu a hanyar da mutane ke bi ba. Barewa da tsuntsaye aka fi haɗuwa da su. Shingen katakon da ke bakin gaɓa kuwa ba ado ba ne. A 1928 wani mai wasan kasada, Al Faussett, ya gangaro South Falls a cikin kwalekwale a gaban 'yan kallo da suka biya kuɗi. Ya tsira da ransa, amma daga nan asibiti aka wuce da shi.