Wai mene ne labulen saƙar zuma?

In kana duba labulen taga a intanet za ka yi ta cin karo da wani da ake ce wa selula, wasu su ce mai saƙar zuma, toh duk abu ɗaya ne. Ka tsaya ta gefensa ka leƙa, za ka ga an naɗe yadin ya yi ƴan ramuka masu kusurwa shida a jere daga sama har ƙasa, sak gidan zuma. In ka ɗaga shi sai ya tattare ya koma siriri, in ka sauke ramukan su buɗe su cika da iska. Kamfanin Hunter Douglas ne ya fito da shi kasuwa a 1985 da sunan Duette.

Iskar nan ita ke yin aikin fa, ba yadin ba. Iskar da aka kulle ta rasa hanyar zagayawa ba ta saurin wucewa da zafi, shi ya sa bargo mai kumburi ya fi ɗumi, gilashin taga kuwa rariya ne, lokacin sanyi ɗumin ɗaki ya bi ta nan ya fice, lokacin zafi rana ta shigo ta dafa ka esi na ta wahala mita na ta gudu. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce in an ɗaura labulen ya zauna cif, yana rage ɗumin da ke zurarewa ta taga da kashi 40 cikin ɗari ko fiye, zafin rana mai shigowa kuma har kashi 60.

Amma ka lura da wannan "cif" ɗin, nan mutane ke faɗuwa. Ka sayi mai tsada ka bar tazarar da yatsa biyu za su shige ta gefe, ai iska ta samu ƙofa, sa hannunka a wajen da dare za ka ji sanyi na zubowa. Don haka ka auna faɗin tagar a sama da tsakiya da ƙasa, don ba kowace taga ce a miƙe ba, ka ɗauki mafi ƙanƙanta, in da hali ka nemi mai ƴar hanya a gefe da bakin labulen ke bi ciki.

Akwai mai jerin rami ɗaya akwai mai biyu, mai biyun ya fi tare zafi kuma ya fi nauyi da tsada. Lambar R da suke rubutawa ma'aunin tare zafi ce, mai babbar lamba ya fi. Mai toshe haske gaba ɗaya galibi akwai siririn alminiyom a cikin ramukansa, ya dace da ɗakin barci, ni dai ba zan sa shi a falo ba kada a koma kunna fitila da rana tsaka. In akwai yara ka ɗauki marar igiya. Ƙura da ƙananan ƙwari kan shige ramukan, da na'urar busar da gashi ake hure su, a kan iska mai sanyi.