Ma'anar dashbod, da abin da ake kira da sunansa alhali ba shi ba ne

Tun lokacin annobar korona kalmar dashbod ta shiga bakin jama'a. Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ta buɗe nata a watan Janairun 2020, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ma ta riƙa nuna alƙaluman masu cutar jiha-jiha, mutane suka saba da leƙa waya su ga inda aka kwana. Yanzu sai ka ji a rediyo ana cewa ma'aikata kaza ta ƙaddamar da dashbod, ko kamfani kaza yana da dashbod mai nuna komai kai tsaye. In ka je ka duba, sau da yawa hoto za ka tarar: an kwaso alƙaluman bara, an yi musu ado da launuka, an manna. Wannan fosta ce, kuma kiran ta dashbod yana ɓata wa masu aikin gaske suna.

Sunan an aro shi ne daga allon gaban mota. Direba yana kallon allon nan na ɗan daƙiƙa ya ga gudu, ya ga mai, ya ga zafin inji, nan take ya san ko zai rage wuta ko zai tsaya gidan mai. Allurar da ke nuna man jiya ba ta da amfani gare shi. Haka dashbod na kasuwanci ko na ofis yake: shafi ɗaya ne, an yi shi domin wani mutum takamaimai mai yanke shawara, yana amsa tambayoyi kaɗan da mutumin ke yi kullum, kuma alƙalumansa suna sabunta kansu daga inda ake ajiye bayanan. In ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗi, sai a nemo wa abin wani suna. Manhajar Power BI ta kamfanin Microsoft, wadda ta fito kasuwa a 2015, ta raba su a fili: rahoto yana iya zama shafuka da yawa da ake shiga ana tono, dashbod kuwa shafi guda ne da ake liƙa muhimman abubuwa daga rahotannin. Manhajojin Tableau da Looker Studio suna yin irin aikin, ko Excel ma yana yi in an tsara shi da kyau.

Abin da ya fi damu na shi ne yadda ake zaton launi da zane su ne aikin. Mafi yawan wahalar tana ƙarƙashi, inda mai kallo ba ya gani, kuma a nan dashbod ke yin ƙarya ba tare da wanda ya gina shi ya yi niyya ba.

A ɗauka akwai dilan kayan masarufi a kasuwar Singa ta Kano, yana da reshe a Kaduna da Zariya. Ya sa an gina masa dashbod. A sama an rubuta da manyan baƙi: ciniki ya ƙaru da kashi 30 cikin ɗari, daga naira miliyan 100 bara zuwa miliyan 130 bana, ga koriyar kibiya tana kallon sama. Alhaji ya ji daɗi, ya ƙara odar kaya. To amma bara katan ɗaya naira 10,000 ne, wato an sayar da katan 10,000. Bana katan ya koma 14,000. Raba miliyan 130 da wannan, za ka samu katan 9,286 ko kusa da haka. Kayan da suka fita daga sito sun ragu da kusan kashi 7 cikin ɗari, kibiyar kuwa tana ce masa kasuwa na ci. A ƙasar da hukumar ƙididdiga ta NBS ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari a watan Disamban 2024, duk dashbod da ya nuna naira ita kaɗai, ba tare da adadin katan ko buhu a gefenta ba, yana yaudarar mai shi. Gyaran bai da wuya: a sa ma'auni biyu kafaɗa da kafaɗa, kuɗi da yawan kaya, sannan na uku, matsakaicin farashin katan.

Mu ci gaba da dilan nan. Ya ga cinikin Maris 2025 ya zarce na Maris 2024 nesa ba kusa ba. Dalili? A 2024 an ɗauki azumi ranar 11 ga Maris, aka yi ƙaramar Sallah 10 ga Afrilu. A 2025 an ɗauka 1 ga Maris, aka yi Sallah 30 ga wata. Wato sayayyar sukari da madara da man girki ta azumi, har da cefanen Sallah, duk sun faɗa cikin Maris ɗin 2025, a 2024 kuwa sun rabu tsakanin wata biyu. Afrilu na zuwa sai kibiyar ta koma ja, a fara zargin manajan reshe da sakaci. Manhajojin nan an gina lissafin "bana da bara" nasu a kan kalandar miladiyya, ba su san azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara ba. Dole mai ginin ya yi teburin kwanaki na musamman, wato jadawali, layi ɗaya ga kowace rana, ya ƙara masa gurbin watan Musulunci da ranar azumi ta nawa ce, domin a iya gwada goman farko na azumin bana da goman farko na bara.

Sai batun riba, inda ko masu ilimi ke tuntuɓe. Reshen Kano ya yi cinikin miliyan 90 da ribar kashi 5, Zariya ya yi miliyan 10 da ribar kashi 15. In aka bar manhaja ta haɗa 5 da 15 ta raba biyu, za ta rubuta kashi 10. Ribar gaske miliyan 4.5 ce da miliyan 1.5, jimla miliyan 6 a cikin 100, wato kashi 6. Ba a ɗaukar matsakaicin kaso. A tara riba duka, a tara ciniki duka, sannan a raba. A Power BI ana rubuta wannan a matsayin ma'auni da DAX, yaren lissafi na manhajar, don ya sake lissafa kansa duk lokacin da aka zaɓi wani reshe ko wani wata.

Kafin duk wannan ma akwai shara a cikin bayanan. Akawu ɗaya ya rubuta Zaria, wani Zariya, wani ya bar fili bayan sunan, sai reshe ɗaya ya fito uku. Kwanan wata 03/04/2025 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka kuwa za ta karanta shi 4 ga Maris, ta kai cinikin wani watan ba tare da ta yi gargaɗi ba. In lambar kaya ɗaya ta fito sau biyu a teburin sunayen kaya, aka haɗe shi da teburin ciniki, kowane rasit na kayan zai ninku. Saboda haka ake ware teburin ciniki, layi ɗaya ga kowace sayarwa, daban da ƙananan teburan reshe da kaya da kwanaki, kowane da lamba wadda ba ta maimaituwa. Kuma tun kafin a zana komai a zauna da mai kasuwa a rubuta: me ake nufi da ciniki? Har da kayan da aka ba da bashi? An cire wanda aka dawo da shi? In akawu da manajan sito suna da amsa daban-daban, taro zai ƙare a gardamar wane adadi ne daidai. Da an gama ginin, a gwada jimlar wata ɗaya da littafin akawu. In sun saɓa ko da naira dubu ne, a nemo dalili kafin a miƙa.

Zanen kansa ƙa'idodinsa kaɗan ne. Abin da ke tafiya da lokaci, a yi masa layi. Gwada reshe da reshe, a yi sanduna, a jera daga babba zuwa ƙarami, kuma sandar ta tashi daga sifiri: in aka fara daga 90, adadi 100 zai yi tsawon 95 sau biyu a ido. Zanen da'ira da ake yankawa gida-gida, wanda William Playfair ya fara fitarwa a 1801, kar ya wuce yanki uku ko huɗu, domin binciken Cleveland da McGill na 1984 ya nuna ido ya fi iya auna tsawo da matsayi a kan kusurwa. Ja da kore su kaɗai ba su isa alama ba, akwai masu matsalar rarrabe su, galibi maza. A haɗa da kibiya ko rubutu. Adadi kuma kar a bar shi tsirara. Miliyan 130 ba ta ce komai ba sai an ajiye ta kusa da abin da aka yi niyya, ko na bara.

Maganar "kai tsaye" da ake yawan faɗa a wajen ƙaddamarwa ita ma tana bukatar tambaya. Mai lasisin Power BI na biyan kuɗi da ake kira Pro yana iya tsara sabuntawa har sau 8 a rana, amma in reshen Zariya sai ranar Asabar yake turo fayil ɗinsa ta WhatsApp, dashbod ɗin na mako-mako ne ko sau nawa aka sabunta. In kuma bayanan suna kan kwamfutar ofis, aka ɗauke wuta ko intanet ta yanke, sabuntawar za ta faɗi, allon ya ci gaba da nuna na shekaranjiya da kwalliyarsa. Don haka a kusurwar sama ta kowane shafi a rubuta rana da lokacin rasit na ƙarshe da ya shigo daga kowane reshe, ba lokacin da manhajar ta yi sabuntawa ba, a kuma sa rubutun ya canza launi in ya wuce awa 24.