Waiwaye: yadda gidan Hill House ya firgita duniya ba tare da an ga fatalwa ba

Labarin tsohon gida mai fatalwa ya girmi fim nesa ba kusa ba. A 1764 ne Horace Walpole ya wallafa The Castle of Otranto a Ingila, littafin da ake ɗauka a matsayin mafarin salon Gothic, sunan da aka aro daga tsarin ginin tsoffin majami'un Turai masu dogayen hasumiyoyi da lunguna masu duhu. Tun daga lokacin kayan haɗin ba su sauya sosai ba: katafaren gini a keɓe, laifin magabata da aka binne, da mace wadda ba ta da wurin gudu. A 1959 marubuciyar Amurka Shirley Jackson ta ƙara abu ɗaya a littafinta The Haunting of Hill House: ta sa mai karatu ya kasa tantance ko gidan ne ke da motsi, ko kuwa kan baƙuwar ne ya taɓu.

Wannan littafi darakta Robert Wise ya mayar fim a 1963 da sunan The Haunting. Mutum huɗu ne suka tare a gidan: Dakta Markway mai binciken abubuwan gaibu, Theodora mai karanta zukatan mutane, Luke magajin gidan wanda bai yarda da komai ba sai kuɗin da zai samu, sai Eleanor, wadda Julie Harris ta fito a matsayinta. A kan Eleanor labarin ya tsaya. Shekara 11 ta yi tana jinyar mahaifiyarta, kuma daren da tsohuwar ta cika ta buga bango tana kira, Eleanor ba ta je ba. To haka ma Abigail, 'yar Hugh Crain da ya gina gidan, ta mutu tana buga bango da sanda, mai kula da ita tana can wajen saurayi. Shi ya sa idan wani bugu ya taso a gidan cikin dare yana bin ƙofofi, ba ƙara kawai mai kallo ke ji ba, alhakin da ke cin Eleanor yake ji.

Aikin hannun ya cancanci a tsaya a kansa. An ɗauki wajen gidan a Ettington Park, wani tsohon katafaren gida da ke Warwickshire a Ingila, wasu hotunan da fim ɗin kyamara mai kama hasken infrared (hasken da ido ba ya gani), wanda ke duhunta sama ya fito da tsagin duwatsu. Cikin gidan kuma an gina shi ne a sitidiyon MGM na Borehamwood, aka yi wa ɗakunan silin, abin da ba a cika yi ba saboda fitilu, don mai kallo ya ji rufin ya danne shi. Wise ya karɓi gilashin kyamara na Panavision mai milimita 30 wanda ba a gama gyara shi ba, yana karkatar da gefen hoto, har sai da ya sa hannu cewa ya san da aibin. Aibin yake so. Wata ƙofa da ake gani a fim ɗin tana kumbura kamar tana numfashi, katako ne mai lanƙwasuwa, wani ma'aikaci yana tura shi daga baya. Sautin bugun kuwa tun kafin ɗauka aka naɗe shi, ana kunna wa 'yan wasa a wurin, don razanar ta zo daidai da ƙarar.

Akwai inda Eleanor ke kwance cikin duhu tana ƙanƙame da hannun da ta ɗauka na Theodora ne. Da haske ya zo, sai ga Theodora can a ɗaya gefen ɗakin.

Da aka sake fim ɗin a 1999 ƙarƙashin Jan de Bont, an zuba kuɗi masu yawa a zanen kwamfuta: gumaka suna motsi, fatalwar Crain ta bayyana ƙiri-ƙiri. Masu sharhi sun yi masa kaca-kaca, kuma da gaskiyarsu, domin da zarar an ga dodon, shakkar da ke kan hankalin Eleanor ta kau, ita kuwa shakkar ce ƙashin bayan labarin. A 2018 Mike Flanagan ya dawo da gidan a Netflix cikin kashi 10, ya mayar da Eleanor, Theodora da Luke 'yan uwan juna a zuriyar Crain, ya riƙa ɓoye fatalwowi a bayan hoto, a ƙarƙashin matakala ko gefen ƙofa, inda sai mai lura sosai zai hango su.