Gidajen abinci na gida a Zariya: abin da ke rufe su da abin da ke riƙe wasu

Gidan abinci na gida, wanda wasu ke cewa gidan tuwo ko buka, shi ne wurin sayar da dafaffen abinci da mutum ɗaya ko iyali ɗaya suka mallaka, su ne masu jari kuma su ne a bakin murhu, ba reshen wani babban kamfani ba ne. A Zariya kalmar ta haɗa da abubuwa da yawa, tun daga rumfar kwano mai benci biyu a bakin tasha, da zauren da ake sayar da tuwo da miyar kuka da daddare, har zuwa shago mai fanka da talabijin da ake zuba shinkafa da kaza a faranti. Mai shayi da mai tsire 'yan uwansu ne na kusa amma yawanci ba a lissafa su a ciki.

Asali

A cikin Birni, wato tsohon garin Zariya, da can ba a san zama a ci abinci a waje ba sosai, magidanci a gidansa yake ci ko a zaure da abokan cin tuwonsa, abin sayarwa kuma matan aure ne ke dafawa a cikin gida su ba yara talla, waina, ɗanwake, alala, dambu, sai kuma fate wanda har gobe ake tsokanar Zage-zagi da shi. Baƙi ne suka kawo gidan abinci irin wanda muka sani. Da jirgin ƙasa ya iso Zariya wajen 1911 Sabon Gari ta cika da ma'aikatan reluwe da na kamfanonin Turawa (sunan unguwar PZ ma daga kamfanin Paterson Zochonis ya fito), galibinsu gwauraye ne ko sun baro iyali a kudu, dole wani ya dafa musu. Daga nan sakwara da teba da amala da miyar agushi suka samu gindin zama a garin.

Sai kuma makarantu. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a 1964, ga harabar jami'ar da ke unguwar Kongo, ga kwalejin ilimi, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, ga asibitin koyarwa da yanzu yake Shika, ga barikin horas da ƙananan sojoji. Samaru, unguwar da babbar harabar jami'ar take, kusan gaba ɗayanta a kan cikin ɗalibi ta ginu. Wannan shi ne arzikin masu abincin Zariya, kuma shi ne rauninsu.

Abin da ke rufe su

Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan sababbin wuraren zamani masu gilashi da na'urar sanyaya ɗaki inda ake sayar da soyayyar kaza da shawarma. Suna da nasu kason kam, musamman wajen samari da 'yan mata da ke son wurin ɗaukar hoto, amma wanda ya saba cin malmala biyu da ganda ba can ya koma ba, gida ya koma, ko kuma ya rage ci. Ainihin ciwon shi ne kuɗin kayan girki yana gudu, aljihun kwastoma yana rarrafe.

In aka bi shekarun nan a jere za a ga bugun da suka sha. A 2016 tsutsar tumatir ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kai, kwandon tumatir ya gagari masu miya. A watan Agustan 2019 aka rufe bodojin ƙasa shinkafa ta tashi. A watan Maris na 2020 aka kulle jihar saboda korona, a shekarar kuma malaman jami'a suka yi yajin aikin kusan wata tara, suka sake wani na wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wata takwas ba ɗalibi a Samaru da Kongo, mai shago kuwa ba ruwansa da yajin aiki, haya shekara-shekara yake karɓa. Farkon 2023 aka shiga wahalar canjin kuɗi, ga abinci a tukunya ga mai jin yunwa a tsaye amma ba tsabar kuɗi, tiransifa kuma ta maƙale. Kafin a farfaɗo aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin ɗauko buhu daga kasuwa da na niƙa da na man janareta duk suka ninka, zuwa tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a ƙasar ta haura kashi 40 cikin 100.

To mai tuwo ba za ta iya ƙara kuɗi yadda kasuwa ta ƙara mata ba, dan in ta ƙara ɗan acaba da ɗan dako za su koma wajen mai garau-garau ko mai awara. Sai ta fara rage malmala, ta rage girman yankan nama, ta tsinka miya, ta sauya man gyaɗa da mai arha. Nan ne mutuwar take farawa, saboda kwastoman abinci ba ya faɗa da ke, ba zai ce Hajiya miyarki ta canza ba, kawai dai za ki daina ganinsa.

Akwai kuma bashi. Kusan kowane gidan tuwo yana da littafin bashi, ma'aikaci ya ci sai ƙarshen wata, ɗalibi ya ci sai an turo daga gida, ɗan unguwa ya ci sai Allah ya hore, kuma da kunya ka hana wanda kuke sallah a masallaci ɗaya abinci. In albashi ya yi jinkiri ko ɗalibi ya gama ya tafi, uwar kuɗi ce ke tafiya ba riba ba. Ƙari a kan haka yawancinsu aljihun shago da na gida ɗaya ne, daga cinikin yau ake biyan kuɗin makaranta da asibiti da gudunmawar biki da zubin adashi, sai ranar sayen buhu a ga ba jari.

Wuri ma yana kashe sana'ar. Aikin titi ko rushe kasuwa a sake gina ta yana tashin masu rumfa, in an gama kuma kuɗin sabon shago ya fi ƙarfinsu, kuma ko an matsa da mai abinci layi biyu kacal direban da ya saba tsayawa ba zai bi ta nema ba. Haraji da kuɗin 'yan duba-gari da na shara da na wuta kowanne ƙarami ne shi kaɗai, a haɗe ne suke ciwo.

Wani abokin gasar da ba a cika lissafawa ba shi ne girkin gida na waya. Mace tana cikin gidanta a Tudun Wada ko Gyallesu, ta ɗora hoton abinci a sitatus na WhatsApp ko Instagram, a yi oda, ɗan Keke Napep ko mai mashin ya kai a roba. Ba haya, ba benci, ba yaran wanke-wanke, kuma ba ta dafa sai abin da aka riga aka biya. In ka duba da kyau tallar cikin Birni ce ta dawo da sabuwar riga.

Sannan gado. Gidan abinci hannun mutum ɗaya ne, in Hajiya ta tsufa ko ta rasu 'ya'yan sun yi boko ba mai son tashin asuba ya sha hayaƙin itace, yaran shago kuwa an koya musu tuƙa tuwo amma ba a koya musu haɗa miya ba, wai kar su buɗe nasu.

Waɗanda suka rayu

Masu daɗewa ba lallai su ne masu kyan wuri ba. Abu na farko da za ka tarar shi ne da yawa wurin nasu ne, ko ƙofar gidansu ce, dan haka wata uku na rashin ciniki ba ya korarsu. Na biyu ba sa dafa komai da komai, abu biyu ko uku ne, a san su da shi, tukunya ta ƙare kafin la'asar ba kwantai, wanda a garin da wutar firij ba ta da tabbas ba ƙaramin abu ba ne. In kaya suka yi tsada sun gwammace su faɗa wa kwastoma gaskiya su ƙara kuɗi a kan su taɓa miyar.

Suna kuma sayen hatsi da kaka lokacin da masara da shinkafa da wake suka sauko a kasuwannin ƙauye irin su Giwa, su shanya tumatir da tattasai a yi kauɗa tun rani, suna da mahaucin da suke hulɗa da shi shekara da shekaru wanda zai ba da nama da safe a biya da yamma. Masu aikin ma iyali ne, 'ya, ƙanwa, matar ɗa, albashinsu na lanƙwasuwa in kasuwa ta yi sanyi.

Sai irin kwastoma. Wanda ya dogara da ɗalibi kaɗai yana hutu in jami'a ta yi hutu. Na kusa da Kwangila inda matafiyan Kano da Kaduna da Funtuwa ke haɗuwa, ko na bakin asibiti a Shika inda masu jinya ba su da hutu, ko na cikin kasuwar Sabon Gari, su ba su san zangon karatu ba. Wasu sun haɗa da girkin biki da suna da taro, da kunu da ƙosai na buɗa-baki a azumi lokacin da cinikin rana ke mutuwa gaba ɗaya. Kaɗan ne suka girma suka wuce garin, wanda aka fi sani shi ne Shagalinku, da sunansa ya tashi daga Zariya har ya kai Abuja, da tuwon shinkafa da waina da miyar taushe dai, ba wani abincin Turawa ba.

Sabon abu a wajensu shi ne na'urar POS da lambar asusu manne a bango, wanda wahalar kuɗi ta 2023 ta tilasta wa har tsofaffin da a da ba sa yarda da kuɗin da ba su ƙirga da hannu ba. Yanzu jika ne ke riƙe wayar yana duba alat, kakar tana bakin tukunya, littafin bashin kuma yana nan a ƙarƙashin tebur sai dai sunayen ciki sun ragu.