Logaritim: lissafin da ke amsa tambayar "sau nawa?"

A lakkolinmu na Damagaram, kalmar logaritim tana cikin waɗanda ke sa ɗan ajin tarminal ya yi shiru idan an ambace su. Da yawa sukan haddace dokokinta, su rubuta su daidai ranar jarrabawar Bak, su fita daga aji ba su san abin da take nufi ba. Wannan yana damuna, domin abin da ke ƙarƙashin kalmar tambaya ce guda ɗaya, kuma tambaya ce da mai awon hatsi a Kasuwar Dole zai gane cikin minti biyu idan aka yi masa ita da Hausa.

Ga tambayar. Ɗauki goma, ka ninka ta da goma, ka sake ninkawa da goma: 10 × 10 × 10 = 1000. Goma ta fito sau uku. To idan aka juya maganar aka ce "goma nawa zan jera ina ninkawa kafin in kai dubu?", amsa ita ce uku, kuma wannan ukun shi ne logaritim ɗin dubu. Ana rubuta shi log 1000 = 3. Haka log 100 = 2, log 10 = 1, log na miliyan ɗaya 6 ne. Lambar da ake ta ninkawa, wato goma a nan, ita ce tushe. Ana iya sauya tushen. Idan biyu ce tushe, logaritim ɗin 8 uku ne, tunda 2 × 2 × 2 = 8, na 32 kuwa biyar ne. Duk wanda ya san ƴar ƙaramar lambar nan da ake ɗorawa a saman wata, kamar 3 ɗin da ke cikin 10³, ya riga ya san logaritim. Bambancin kawai shi ne a can an ba ka ita ka nemo sakamako, a nan an ba ka sakamako ka nemo ta.

Kafin mu yi nisa, a raba ta da algoritim, wanda ake yawan ji yanzu a maganar Facebook da TikTok. Sunayen sun yi kama a kunne amma ba su da dangantaka. Algoritim jerin matakai ne na warware wani aiki, kuma sunan ya samo asali daga malamin lissafin Bagadaza, Alkawarizmi.

Inda abin ya fara daɗi shi ne lambobin da ke tsakani. Log 100 biyu ne, log 1000 uku ne, to log 500 fa? Dole ya faɗa tsakanin biyu da uku, kuma na'urar lissafi za ta ba ka 2,6990. (Ina sa waƙafi kamar yadda ake rubutawa a makarantun Nijar, a Najeriya ɗigo suke sawa.) Lura cewa 500 tana kusa da tsakiyar hanya daga 100 zuwa 1000 idan taki kake ƙirgawa, amma logaritim ɗinta ya riga ya ci kusan kashi bakwai cikin goma na tazarar. Dalili shi ne logaritim ba ya auna "nawa aka ƙara", yana auna "ninki nawa aka yi". Daga 100 zuwa 500 ninki biyar ne, daga 500 zuwa 1000 ninki biyu ne kacal. Wanda ya kama wannan ya kama rabin darasin.

Daga nan dokar farko take fitowa da kanta, ba sai an haddace ta ba. Ɗari goma biyu ce a jere, dubu goma uku ce a jere. Idan ka ninka ɗari da dubu, ka haɗa jerin biyu ke nan, ka samu goma biyar a jere, wato 100 000. Ninkawa a wajen lambobi ta zama tarawa a wajen logaritim: log (a × b) = log a + log b. Gwada da ƙananan lambobi. Log 2 shi ne 0,3010, log 3 shi ne 0,4771. Tara su, ka samu 0,7781. Danna log 6 a wayarka, abin da za ka gani ke nan. Rabawa kuma tana komawa ɗebewa, kuma idan lamba tana ɗauke da wata a samanta, ta saman tana saukowa gaba ta zama abin ninkawa: log 2⁵⁰ daidai yake da 50 × 0,3010, wato 15,05. Wannan kaɗai ya gaya maka cewa 2⁵⁰ lamba ce mai gurbi 16, ba tare da ka ninka biyu sau hamsin ba.

Wannan dabara ta mai da ninkawa tarawa ita ce dalilin da aka ƙirƙiro abin tun farko. John Napier, mutumin Sikotland, ya shafe kusan shekara ashirin yana haɗa jadawalinsa na logaritim ɗin lambobi kafin ya buga shi a 1614. A lokacin masu nazarin taurari da matuƙan jiragen ruwa suna ninka lambobi masu gurbi bakwai ko takwas da hannu, aikin da ke cin kwanaki, kuma kuskure ɗaya ya rushe duka. Henry Briggs, malamin lissafi a Landan, ya yi tattaki har Edinbura ya same shi a 1615, suka yarda cewa tushen goma zai fi sauƙin aiki. Napier ya rasu a 1617, Briggs ya ci gaba, ya fitar da babban jadawalinsa a 1624, kowane logaritim da gurbi 14 bayan waƙafi, duk da alƙalami da takarda. Masanin taurari Kepler ya yi amfani da logaritim wajen jadawalin tafiyar taurarinsa na 1627. Fiye da shekara ɗari uku injiniyoyi suna aiki da jadawalin nan da kuma rular lissafi mai zamewa da aka gina a kansa, har na'urar lissafi ta aljihu ta bazu a shekarun 1970.

Sai mutum ya ce to yanzu da waya ke ninka komai cikin ƙiftawar ido, me ya rage? Abin da ya rage ya fi wancan muhimmanci a gare mu: logaritim shi ne hanyar gano lokaci a duk abin da ke ƙaruwa ta hanyar ninki.

Mu ɗauki wata mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a unguwar Birni. Jarinta jika 100 ne, kuma mu ƙaddara kowace shekara yana ƙaruwa da kashi 20 cikin ɗari saboda tana mai da riba cikin uwar kuɗi. Tana so ya kai jika 500 ta sayi injin niƙa. Shekara nawa? Wanda bai yi tunani ba zai ce jika 20 a shekara, ana neman ƙarin 400, shekara ashirin ke nan. Ba haka ba ne. Shekarar farko jarin ya zama 120, ta biyu 144, ta uku 172,8, ta huɗu ya haura 207, domin kowace shekara kashi ashirin ɗin ana ɗaukarsa ne daga sabon jari. Kowace shekara ana ninka kuɗin da 1,2, kuma ana neman ninki biyar. Tambayar ta koma "1,2 nawa zan jera kafin in kai 5?" Tunda ninkawa tarawa ce a wajen logaritim, log 1,2 nawa za a tara kafin a kai log 5 ake nema. Amsa: log 5 a raba da log 1,2, wato 0,6990 ÷ 0,0792, wanda ya ba da 8,8. A ƙarshen shekara ta takwas tana da kusan jika 430, a ƙarshen ta tara ta kai 516. Shekara tara, ba ashirin ba. Kuma a tuna, lissafin nan bai san gefe ba: yadda yake haɓaka jari haka yake haɓaka bashi mai ruwa, haka yake cinye darajar kuɗin da aka ajiye a gida lokacin da farashin kaya ke hawa.

Ga wani misalin da ya shafe mu duka. Ƙidayar 2001 ta samu mutum kusan miliyan 11 a Nijar, ta 2012 ta samu sama da miliyan 17, kuma jihar Damagaram ce ta zo kan gaba da kimanin miliyan uku da rabi. Ƙaruwar da aka lissafa tsakanin ƙidayoyin biyu ita ce kashi 3,9 cikin ɗari a shekara. Lambar tana da ƙanƙanta a ido. Amma raba log 2 da log 1,039, za ka samu 18 da ɗan ɗoriya. Ma'ana, idan aka ci gaba a haka, jama'a na ninkuwa biyu duk shekara goma sha takwas, tsawon lokacin da jaririn yau zai kai ajin tarminal. Duk mai tsara rijiyoyi da famfunan garin nan, wanda kowa ya san yadda yake fama da ƙarancin ruwa, ko mai ƙirga azuzuwa da gadajen asibiti, wannan lambar ya kamata ta kasance a gabansa. Akwai gajeriyar hanya da ake yi da ka: raba 70 da kason ƙaruwar, 70 ÷ 3,9 ya ba da kusan 18. Saba'in ɗin nan ba daga sama ta faɗo ba, daga ln 2 take, wanda yake 0,693, wato kusan 70 idan aka ninka shi da ɗari.

Wannan ya kawo mu ga ln, maɓallin da ke maƙwabtaka da log a kan na'ura. Shi ma logaritim ne, sai dai tushensa wata lamba ce da ake kira e, kusan 2,718. Ga inda ta fito. A ce abu yana ninkuwa biyu a shekara idan sau ɗaya ake lissafa ƙarin. Idan aka raba ƙarin gida biyu, rabi a wata shida, rabi a ƙarshe, ana samun 2,25. Idan kowane wata ne, 2,613. Idan kowace rana ce, 2,7146. Komai yawan rarrabawar da aka yi, ba ya wuce 2,71828 da ƴan kai. Masanin lissafi Jacob Bernoulli ne ya ci karo da wannan lambar a 1683 yana nazarin ruwan kuɗi, wani masanin lissafin, Euler, kuma ya ba ta harafin e daga baya. Abubuwan da ke girma ko raguwa ba tsayawa, irin su ƙwayoyin cuta a jiki, ko magani da ke raguwa a jini, ko shayi da ke hucewa, lissafinsu ya fi sauƙi da wannan tushen. Tsakanin ln da log babu wani bango: ninka log da 2,3026 ka samu ln. A misalin mai ƙuli-ƙuli, ko wanne ka danna amsar 8,8 ce.

A nan ne nake ganin tsarin karatunmu yana wahalar da yara. A tsarin da muka gada daga Faransa, ɗalibi yakan fara haɗuwa da ln ne a ajin ƙarshe, kuma ta ƙofar 1/x da zanen lanƙwasa ake shigo masa da shi. Hanyar daidai ce a ilmance, amma yaron bai taɓa jin tambayar "sau nawa" ba. Takwaransa na Kano yana fara ganin log na tushen goma tun farkon babbar sakandare, da jadawali a hannu, ko da yake shi ma sau da yawa bin layi yake yi ba fahimta ba. Da malami zai ba da awa ɗaya tak ga jerin 2, 4, 8, 16, 32 da tambayar "a mataki na nawa za mu wuce dubu?" kafin ya taɓa ln, da sauran babin ya zo da sauƙi. Amsar goma ce, 1024. A mataki na ashirin an wuce miliyan.

Kurakuran da ake yi kusan iri ɗaya ne kowace shekara. Babbansu shi ne rubuta log (a + b) = log a + log b. Wannan doka babu ita. A gwada da goma da goma: log 20 shi ne 1,3010, amma log 10 da log 10 sun tashi 2. Tarawa a waje tana tafiya ne da ninkawa a ciki kawai. Na biyu, mantawa cewa sifili da lambobin da ke ƙasa da sifili ba su da logaritim a wannan matakin, domin babu yadda za ka jera goma kana ninkawa ko kana rabawa ka dira a kan sifili ko ka faɗa ƙasa da shi. Shi ya sa ake fara kowane aikin ln da tantance inda abin da ake neman ln ɗinsa ya fi sifili, kuma maki da yawa a nan suke zubewa. Amma logaritim ɗin kansa yana iya zama sifili ko ƙasa da haka: log 1 = 0, log 0,1 = −1, log 0,01 = −2, alamar ɗebewar tana nuna cewa rabawa aka yi da goma.

Ko wanda ya bar lakkol tuntuni yana cin karo da logaritim a labarai. Ma'aunin girgizar ƙasa da Charles Richter ya fito da shi a 1935, da ma'aunin da ya gaje shi, a kan wannan tsarin suke. Girgizar Maroko ta watan Satumba 2023 an auna ta 6,8, ta Turkiyya da Siriya ta Fabrairun shekarar 7,8. A rediyo sai a ji kamar tazarar ɗaya ce kawai, alhali mataki ɗaya a wannan ma'auni yana nufin ƙarfin da ya fita ya ninka kusan sau 32. Desibel da ake auna ƙara da shi haka yake: ƙarin 10 yana nufin ninki goma na ƙarfin sauti. Haka ma pH, ma'aunin tsami, wanda Sørensen na Danmak ya kawo a 1909, wanda masu gwajin ruwan sha da ƙasar noma ke aiki da shi. Ruwa tsantsa 7 ne, ruwan lemon tsami yana tsakanin 2 da 3, ruwan kanwa yana sama da 7, kuma saukowa mataki ɗaya na nufin tsami ya ninka goma. Malamin gona da ya ce ƙasar wani fili 5 ce, ta wani 6, yana gaya maka cewa ta farkon ta fi ta biyun tsami sau goma, kuma wannan yana iya sauya irin takin da za a zuba da abin da za a shuka.